Shinkafar da Na Dafa wa Mata Talatin da Ɗaya

Ranar da na sauka a Amurka na gane Malam Sabi'u ƙarya ya shirga wa Babana. Malam Sabi'u shi ne mai ofishin nan a saman bene kusa da kasuwar Tarauni, wanda ya yi mana cuku-cukun takardun makaranta. A gabana ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, gidan kwanan mata ne zalla. Ko ƙuda in dai namiji ne ba ya shiga." A kan wannan maganar Baba ya sa hannu. To, ina jan akwatina a hawa na huɗu ina duba lambar ɗakina, sai ga wani zabgegen saurayi ya fito daga banɗaki daga shi sai tawul, ya ɗaga mini hannu yana fara'a kamar mun shekara da sanin juna. Na yi salati da ƙarfi. Shi kuwa ya shige ɗakin da ke kallon nawa.

Jami'ar ta gwamnati ce, a wata jiha da ba ka ganin komai sai gonakin masara, kuma girmanta ya isa a ce gari ce. Ilimin haɗa magunguna na je karantawa da tallafin karatu, bayan na yi shekara biyu a gida ina wanke-wanke ina jiran gurbi. Tallafin ya ɗauki ɗakin cikin makaranta ne kawai. Haya a gari ta fi ƙarfinmu, ko da ma ba ta fi ba, Baba ba zai yarda in zauna ni kaɗai a garin da ba ni da kowa ba.

Sati biyar na yi ina ɓoye masa. Duk sanda zai kira ni ta bidiyo sai in rufe ƙofa in jingina da bango. Ran da asirina ya tonu, zafi ne ya sa na bar ƙofar a buɗe, maƙwabcin nan nawa ya leƙo kansa yana tambayar aron caja.

"Jidda, wane ne wannan?"

Baba shekara talatin da biyar ya yi yana awon filaye kafin ya yi ritaya, kuma in ya dasa dutsen iyaka ba ya matsar da shi. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na fi samun sauƙi. Cewa ya yi in tashi in bi layin ɗakunan da waya a hannu, in nuna masa sunan da ke kan kowace ƙofa. Na bi ina karantawa. Da na kai ƙarshe ya ce, "Na ba ki zuwa ƙarshen wannan zangon karatun. In kin sami gidan da babu namiji, ki zauna. In ba ki samu ba, ki tattaro kayanki ki dawo Gyadi-Gyadi. Kuma kar ki ƙara ɓoye mini komai."

Washegari na fara zaryar ofisoshi. Benen mata zalla guda ɗaya ne a duk makarantar, ya cika, masu jiran layi sun kai har shekara mai zuwa. Kowane ofis murmushi ake yi mini, a miƙo mini takarda, a tura ni gaba. Ni ban taɓa ganin mutanen da suka iya hana ka abu suna yi maka fara'a irin waɗannan ba.

A ɗakin cin abinci na haɗu da Ngozi. Na ɗanɗana wata miya ce mai zaƙi kamar an zuba mata sukari, na ture kwanon na ce, "Kai, wannan wace irin masifa ce!" Sai na ji daga bayana an ce, "Ke 'yar wace unguwa ce a Kano?" Na juyo na ga wata doguwa da kitso tana dariya. A Tarauni aka haife ta, babanta kemis yake da shi, Hausarta ta fi tawa zaƙi. Wallahi rungume ta na yi ina kuka, ban ma tambayi sunanta ba tukuna.

Ngozi shekararta ta uku ke nan, ita ma a bene irin nawa take, amma ita babu wanda ya kafa mata iyaka. Ita ta kai ni wani layi a bayan filin ƙwallo, gidaje manya-manya jere, kowanne da wasu haruffa a goshinsa. Ta ce gidajen ƙungiyoyin 'yan mata ne da suke kira sororiti. 'Yan ƙungiya kaɗai ke kwana a ciki, namiji iyakarsa falon ƙasa, kuma tallafina zai iya ɗaukar ɗaki a nan tunda a cikin makaranta suke. Amma fa sai sun zaɓe ki. Na sa abayata mai kyau na bi su gida-gida, na yi murmushi har haɓata ta gaji. Suka yi ta yaba mayafina, suka tambaye ni ko ina son fati. Bayan kwana biyu saƙonni suka shigo wayata a jere, kowanne da ban haƙuri mai daɗi. Ko ɗaya ba ta ɗauke ni ba.

A ƙarshen layin akwai wani gida a rufe, ciyawa ta fara cin ƙofarsa. Ngozi ta ce 'yan ƙungiyar da ke ciki sun watse bara. Cikin tsokana ta ce, "Tunda sun ƙi ki, ki kafa taki mana, Hajiya shugaba." Ita wasa take yi, ni kuwa maganar ta zauna mini.

Matar da ke kula da ƙungiyoyin a ofishin harkokin ɗalibai Madam Linda ce, wata mai furfura da tabarau a rataye a wuya. Ta ce akwai wata ƙaramar uwar ƙungiya da ba a shan giya a gidajenta, ta daɗe tana son buɗe reshe a jami'ar. In na kawo sunayen ɗalibai mata goma sha biyar da suka shiga, za a ba mu gidan a zango mai zuwa. Na fito ina tafe kamar ba na taka ƙasa. Sha biyar kawai? Ai ni na san yadda ake kafa ƙungiya, a gabana aka yi.

Ina 'yar shekara tara Ummata ta kafa ƙungiyar zumuncinsu a tsakar gidanmu. An girka shinkafa a babbar tukunya, mata suka zo daga Darmanawa da Babban Giji da cikin unguwa. Ana cin abinci Hajiya Balaraba tana gefe da littafi tana rubuta sunaye. Babu wadda aka tambaya ko ta shiga. Wadda ta zo ta ci, ta wanke hannu, ta karɓi goronta da alawa, ta shiga ke nan. Ki tsaya tambayarta ma cin fuska ne, kamar kina zargin abinci kawai ya kawo ta.

Haka na yi. Ngozi ta ɗauke ni a tsohuwar motarta muka yi tafiyar awa guda zuwa shagon 'yan Afirka. Na manna takardun gayya a duk inda aka yarda a manna. Ranar Asabar tun safe na shiga kicin ɗin ƙasan bene na dafa dafa-duka da daddawa da yajin da Umma ta ƙullo mini, na haɗa zoɓo, na zuba alawa a faranti tunda babu goro. Na ajiye takarda da biro a bakin ƙofa. Suka yi ta shigowa, farare da baƙaƙe da 'yan Asiya, suna ci suna hura baki suna ƙari. Kowacce ta rubuta sunanta, kowacce na damƙa mata alawa a hannu da kaina. Da aka watse na ƙirga, mutum talatin da ɗaya. Na yi sujadar godiya a ɗakina. Litinin da sassafe na kai wa Madam Linda takardar ba tare da na gaya wa ko Ngozi ba, wai ina so in ba ta mamaki. Har Baba na kira na ce masa an kusa.

Ran Alhamis Madam Linda ta aiko in zo. Tun daga yadda ta ce in rufe ƙofa na sha jinin jikina. Ta ce ta aika wa duk talatin da ɗayan saƙo su tabbatar, huɗu ne suka ce sun shiga. Sauran sun ce abinci suka zo ci, wasu ma sun kawo ƙara an yi amfani da sunansu ba su sani ba. Ta sa tabarau ta dube ni ta ce kawo sunayen ƙarya laifi ne da kan kai ɗalibi gaban kwamitin ladabtarwa, kuma yana iya taɓa tallafin karatu.

"Ƙarya?" na ce. "Ai sun ci! Sun karɓi alawa a hannuna!"

A nan na ji yadda maganar ta fita da Turanci, na ji ba ta da kai ba ta da gindi. Turancin ma ya gudu ya bar ni. Na yi ta kuka ina ba ta labarin tsakar gidanmu da littafin Hajiya Balaraba. Ban san ko ta gane ba, amma ta turo mini kwalin tishu ta ce ba za ta kai maganar gaba ba. Ta ba ni sati uku, zuwa Juma'ar ƙarshe kafin jarrabawa, kuma wannan karon kowace yarinya sai ta zo da ƙafarta da katinta.

Ngozi ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta ce, "Ke Jidda, nan in aka ce abinci kyauta, ko taron masu kiwon kaji ne za su zo su rubuta suna."

Da azahar na kira Umma, lokacin ana kiran magariba a masallacin layinmu, ina jiyo ladanin ta cikin wayar. Kewar gida ta taso mini. Da na samu na faɗa mata, ina jiran ta lallashe ni, sai ta ja tsaki.

"Ke dai da wauta kike. Matan da suka ci shinkafata ran nan, kin san sau nawa na je musu suna da dubiya da gaisuwar mutuwa kafin ranar? Shinkafar ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba. Ke wa kika taɓa je wa a cikinsu?"

"Babu, Umma."

"To ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki ba su haƙuri. Kin ɗauki sunan mutane ba da saninsu ba."

Sanyi ya riga ya sauka, irin wanda yake shiga ƙashi. Tsakanin lacca da lacca na riƙa bin takardar daga sama, bene-bene, ina ƙwanƙwasa ƙofa. Wata ta ce mai zai hana in turo saƙo kawai. Wata ta rufe ƙofa tun ban gama ba, na tsaya a wajen ina zaginta da Hausa a ciki-ciki. Amma wasu sun ce in shigo. Da suka ji dalilina sai su ma su fara ba ni nasu labarin, wata ba ta da wanda take cin abinci da shi, wata ita ma gidajen layin nan sun ƙi ta. A kwana goma muka kai tara. Ba na ci sosai, karatuna ya fara lalacewa, kullum da lissafin shida da suka rage nake yawo.

Suna na ashirin da uku a takardar Megan ne. Ba a cikin makaranta take kwana ba, a gari take da mahaifiyarta. Wata 'yar ajinsu ta ba ni kwatance, sannan ta ce, "Amma ki bari sai wani lokaci. Mamanta ta rasu, jiya aka binne ta."

Wani lokaci kuma? A wajenmu ai lokacin ke nan. Na koma na dafa farar shinkafa da miya na zuba a kula, na hau bas. Ina ta sauri kar in tarar an cika ban sami wajen zama ba. Na isa na ga ƙofar gida wayam, babu tabarma, babu takalma, babu kowa. Megan ta buɗe, wata siririya da jajayen idanu, sanye da rigar sanyin da ta yi mata yawa. Falon cike da furanni da katuna. Waɗanda suka aiko su duk sun koma harkokinsu. Ita kaɗai ce wajen uwarta, uban tuni ya yi nasa wuri.

Na ba ta haƙuri a kan sunanta, ta ce ita ta ma manta. Na yi mata gaisuwa, na ajiye kular, na cire takalmi na zauna a kan kafet. Ta tsaya tana jira in ce wani abu ko in tafi. Can ta ce, "Me kike so?"

"Ba komai. Zama na zo yi."

"Zaman me?"

"A garinmu in an yi wa mutum rasuwa ba a barinsa shi kaɗai. Ba sai kin yi mini magana ba."

Ta koma kan kujera. Mun fi awa biyu babu wanda ya ce uffan. Da la'asar ta buɗe kular ta ci loma uku, ta ce rabonta da abinci mai zafi tun asibiti. Kafin duhu na tafi, washegari bayan lacca na dawo.

Ngozi ta tare ni a tashar bas ranta a ɓace. "Kwana tara ya rage miki, mutum shida kike nema, kina zaune a gidan wadda ba ta ce za ta shiga ba! Kin haukace ne?" Na san gaskiyarta. Ina zaune a falon nan ina tuna ƙofofin da ban ƙwanƙwasa ba. Amma ta yaya za ki fara zaman makoki ki tashi ba a yi uku ba? Ƙafata ce ta ƙi. A rana ta uku Ngozi da kanta ta kai ni a mota, tana mita tun daga makaranta, ta kuma shigo ta zauna. Ranar Megan ta yi ta ba mu labarin mamanta, ta ce gidan ya yi mata girma, ko firji ya yi ƙara sai ta firgita. Ban ce mata komai game da ƙungiya ba. Ba a roƙon mai makoki.

Sauran kwanakin na yi su a guje. Na sami mutum ɗaya. Ran Juma'a muna tsaye a ƙofar ofis mu goma, sai ga Megan ta taho da katinta a hannu, ashe Ngozi ta gaya mata komai. Sha ɗaya. Na yi ta leƙen matattakala har ƙarfe biyar ta buga. Madam Linda ta ƙirga mu sau biyu kamar za mu ƙaru, sannan ta cire tabarau ta ce ta yi baƙin ciki, doka ce, mu sake gwadawa baɗi. Ni da ba ni da baɗi a garin.

Asabar da hantsi na jawo akwati na fara ninke kaya. Baba zai kira bayan ya dawo daga sallar la'asar, kuma na yi alkawari ba zan ƙara ɓoye masa komai ba. Ina tuna shekara biyun da na yi a gida, ina tuna yadda zan bi ta gaban maƙwabtan da suka zo mini sallama. Sai aka ƙwanƙwasa. Su goma ne, ɗauke da kwalayen abincin nan nasu fiza. Suka cire takalma a bakin ƙofa, suka zazzauna a ƙasa har ɗakin ya cika. Na ce lafiya? Megan ta ce, "Zama muka zo yi. Ba sai kin yi mana magana ba."

A haka wayar Baba ta shigo. Ya ga mata jere a ƙasa sun yi jugum, ya ce, "Inna lillahi! Wa ya rasu?" Na jiyo Umma daga gefensa tana cewa, "Alhaji, ita ake wa zaman." Na gaya masa gaskiya, ba mu cika ba, babu gida. Ya ce, "To. Maganata tana nan, Jidda."

Ngozi ta fassara musu a hankali. Megan ta miƙo hannu ta karɓi wayar. Ta gaishe shi, ta ce tana da gida mai ɗaki uku, babu namiji a ciki, babu kowa ma sai ita, kuma ba haya take nema ba. Baba yana jin Turanci sarai. Ya saurare ta har ta gama, ya ce a nuna masa.

Muka ɗuru a motar Ngozi mu uku. Tun daga bakin titi ya sa na fara, kamar yadda ya sa ni a benen nan. Ina makullin ƙofar gaba? Ƙofar baya ina take fita? Wane ne a gidan da ke hagu? Buɗe wancan. Wancan fa? Na bi ina buɗewa, fuskarsa ba ta nuna komai. Saura ƙofa ɗaya a ƙarshe, na tsaya na dubi Megan. Ta zo ta buɗe da kanta. Gado a gyare, tabarau a kan littafi, silifas biyu a jere a ƙasa.

"Ɗakin wa ne wannan?"

"Na mahaifiyarta ne, Baba. Sati biyu ke nan da rasuwarta."

"Danginta fa?"

"Babu kowa a kusa."

"Da wa take kwana a gidan?"

"Ita kaɗai."

Na ga ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar. Ya ce in juya wayar wajenta. Duk Turancinsa na ofis bai yi amfani da shi ba, da Hausa ya yi mata ta'aziyya, doguwa, irin wadda yake yi a ƙofar gidan maƙwabta, Ngozi tana fassarawa tana share ido. Sannan ya ce in dawo da wayar.

"Jidda."

"Na'am, Baba."

"Yarinyar nan ba ta da uwa. Ki kwaso kayanki yau, kar ki bar ta ta sake kwana ita kaɗai."

Ya miƙa wa Umma wayar ya tashi, na ji ƙarar buta, wai zai yi alwalar magariba, alhali da sauran lokaci.